Makanikin da Ya Sa Inuwa Ta Yi Tafiya

A ƙauyen N'Dounga da ke bakin kogin Kwara, kusa da Yamai, aka haifi wani yaro a shekarar 1942, aka raɗa masa suna Mustafa. A littattafan Faransanci Moustapha Alassane ake rubuta sunansa, a bakinmu kuwa Mustafa Alasan ne. Tun bai san akwai wata sana'a wai ita shirya fim ba, yaron nan ya gano cewa in ka yanka kwali siffar dabba, ka riƙe shi tsakanin fitila da farin ƙyalle, dabbar za ta bayyana a jikin ƙyallen. In ka matsa da kwalin kusa da fitila, inuwar ta kumbura ta cika wuri. In ka ja shi baya, ta ƙanƙance. Idan dare ya yi sai ya tara 'yan uwansa yara ya nuna musu. Da ya ga abin ya karɓu sai ya ƙara gaba: ya haɗa akwati, ya sa fitila a ciki, ya riƙa zane a kan leda mai shara-shara, yana wucewa da zanen ɗaya bayan ɗaya a gaban hasken. Majigi ke nan na hannun yaro, ba inji, ba lantarki, ba malamin da ya koya masa.

Wannan wasa na inuwa shi ne tsohon makamin masu finafinan ban tsoro. Shekara ashirin kafin a haifi Mustafa, a 1922, wani Bajamushe mai suna F. W. Murnau ya fitar da fim ɗin Nosferatu, labarin wani mataccen da ke tashi da dare yana shan jinin mutane. Wurin da ya fi tsaya wa masu kallo a rai har yau, ba a ga fuskar mugun ba sam. Inuwarsa ce kawai a jikin bango, tana hawa matakala, da ƙusumbi da zara-zaran yatsu, har ta miƙa hannu ga ƙofar ɗakin matar da yake nema. Daga nan masu wannan sana'a suka riƙe ƙa'idarsu ta farko: ka nuna wa ido rabi, zuciya za ta ƙarasa sauran, kuma abin da zuciya ta ƙarasa ya fi duk abin da mai zane zai zana muni. Kakanninmu mata sun riga su sanin haka. Duk tatsuniyar da Dodo ya fito a ciki, ba mai tsayawa ta lissafa maka kamanninsa daga kai har ƙafa. Muryarsa za ta kwaikwaya, cikin duhu, kai kuma ka ƙera naka Dodon daidai tsoronka.

Mustafa ya girma ya koyi kanikanci. Hannun da ya saba da kwance inji da ɗaurawa shi ya yi masa rana daga baya, domin kyamara ma inji ce, kuma duk ranar da ta ƙi aiki a Yamai ta wancan zamani ba wani shagon da za a kai ta. Zanensa ne ya kai shi cibiyar binciken al'adu ta Yamai, inda ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshen da ya zo Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanya, ya ƙare yana ɗaukar finafinai. A nan saurayin ya fara riƙe kyamara ta gaske. A 1962 ya yi Aouré, a kan aure a ƙauyen Zabarmawa, ya kuma yi La Bague du roi Koda, wato Zoben Sarki Koda. Labarin wani azzalumin sarki ne da ya ba masunci ajiyar zobe bisa sharaɗin in ya ɓata a bakin ransa, sannan ya bi ta bayan gida aka sato masa zoben, ya jefa a kogi. Masunci ya kama kifi, aka feɗe, sai ga zobe. Tun a wannan mataki an ga inda zuciyarsa ta karkata: labaran gida, waɗanda abin al'ajabi ke ratsa su.

Rouch ya taimaka masa ya tafi Kanada, hukumar finafinai ta ƙasar da ke Montreal, inda Norman McLaren yake aiki. McLaren gwani ne na sa abin da ba ya motsi ya motsa. Yakan yi zane kai tsaye a jikin zaren fim ba tare da kyamara ba, kuma fim ɗinsa Neighbours na 1952 ya ci kyautar Oscar. A wurinsa Mustafa ya ga asirin a fili. Fim ba ya motsi. Hotuna ne tsayayyu, 24 cikin kowace daƙiƙa, suna wucewa da saurin da ido ba ya iya raba su. Minti ɗaya hoto 1,440 ke nan. Ko da mai zane ya ɗauki kowane zane sau biyu don rage wahala, sai ya zana 720 kafin ya samu minti guda. Wanda kuwa ya mallaki abin da ke faruwa tsakanin hoto da hoto, ya mallaki siddabaru duka. Ka tsayar da kyamara, ka cire mutum, ka ci gaba da ɗauka, mutum ya ɓace. Ka ajiye kura a gurbinsa, mutum ya rikiɗa. Georges Méliès, mai rufa-idon Faransa da ya yi fim ɗin tafiya duniyar wata a 1902, ya ce shi da tsautsayi ya gano wannan dabara: kyamararsa ta sarƙe a wani dandali na Paris, kafin ya gyara ta ababen hawa sun wuce, da ya zo kallo sai ya ga motar fasinja ta koma motar ɗaukar gawa. Finafinan kimiyyar ƙage da na ban tsoro sun shafe shekaru da dama suna cin abinci da wannan tsayarwa da ci gaba.

Da Mustafa ya tashi gwada abin da ya koyo, kwaɗi ya zaɓa. A 1965 ya fitar da La Mort de Gandji, wato Mutuwar Gandji, mai nuna fadar sarkin kwaɗi da fadawansa. Ana lissafa shi cikin finafinan zane na farko-farko da ɗan Afirka ta kudu da Sahara ya yi, kuma ya samu kyauta a bikin fasahar baƙar fata na duniya da aka yi a Dakar a 1966. A shekarar ce kuma ya yi Bon voyage Sim, inda shugaban jamhuriyar kwaɗi ya tafi ziyarar aiki maƙwabciyar ƙasa, da jirgin sama, da faretin soja, da tarba ta alfarma. Shekara shida ke nan da samun mulkin kai, kowa ya kalla ya san da wa ake. Nan ma wata ƙa'ida ce ta irin waɗannan finafinai: in magana ta yi nauyin faɗa a kan mutane, sai a ɗora ta a bakin wata halitta, ko a kai ta wata duniya. Mai tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan.

Ya kuma san irin ƙarfin da fim ɗin waje ke da shi a kan matasa, domin a gabansa gidajen silima na Yamai ke cika da masu kallon kaboyi. Shi ya sa a 1966 ɗin dai ya yi Le Retour d'un aventurier, Dawowar Ɗan Yawon Duniya. Wani saurayi, Jimi, ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya rarraba wa abokansa huluna da takalma da bindigogi. Suka sauya sunaye, suka hau dawaki, suka addabi ƙauyensu, wasa ya zama jini. Zalika Souley da Djingarey Maïga, waɗanda daga baya suka yi suna a harkar fim ta Nijar, suna cikin 'yan wasan. Fim ɗin gargaɗi ne a kan ɗaukar al'adar allo a sa a jiki ba tare da an auna ba. Wanda ya yi wannan gargaɗi, dole idan ya zo yin nasa labarin dodo ya yi hattara da ƙa'idojin da ya tarar.

Damar ta zo masa a 1973. Shekarun nan fari ya kama ƙasashen Sahel tun daga 1968, ya yi tsanani a 1973. Rijiyoyi suka ƙafe, shanu suka zube a hanya, mutane suka bar garuruwansu suka nufo kudu, har ƙasar Sakkwato, wadda ita ma ba ta tsira ba. Dattawanmu da suka ga wannan shekara ba su manta ta ba. A cikin wannan hali Mustafa, tare da wata Bajamushiya mai suna Anna Soehring, suka fitar da Toula ou le génie des eaux, wato Tula ko Aljanin Ruwa. Sun ɗauko shi ne daga labarin gargajiya da Boubou Hama ya rubuta, marubucin da a lokacin shi ne shugaban majalisar dokokin Nijar. Sotigui Kouyaté da Damouré Zika suna cikin waɗanda suka fito a ciki.

Ga yadda labarin yake. Ruwa ya ɗauke a wata masarauta, mutane da dabbobi suna mutuwa. Sarki ya kira boka ya duba. Boka ya ce aljanin ruwa ba zai huce ba sai an ba shi budurwa. Abin ya faɗa kan Tula, 'yar 'yar'uwar sarki. Akwai saurayin da ke son ta, wanda bai yarda cewa jini ne kaɗai mafita ba. Ya kama hanya ya shiga daji neman ruwa, da nufin in ya samo, an huta da yanka 'yar mutane.

Duk wanda ya saba kallon finafinan dodanni ya san abin da ya kamata ya biyo baya, domin hanyar a shimfiɗe take. A King Kong na 1933, mutanen wani tsibiri sun ɗaure wata Baturiya sun miƙa wa ƙaton goggon biri, namiji ya bi sawu ya ƙwato ta, daga ƙarshe jiragen sama suka harbo dodon daga kan dogon bene a New York. Haka ƙa'idar take: a sa mace cikin haɗari, a ja wa mai kallo rai, a riƙa yanka hoto tsakanin wadda ke jiran mutuwa da mai gudun zuwa ceto, sannan ya iso a daƙiƙar ƙarshe. Mu ma muna da namu. A Daura, maciji ya hana ɗiban ruwa a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a, baƙo ya zo da takobi ya sare masa kai, ya auri sarauniya. Mai kallo yana zaune da tabbacin cewa jarumi zai iso.

Saurayin Tula ya samo ruwan, ya juyo da albishir a bakinsa. Ya iso ya tarar an gama. Tula ta riga ta nutse a tafki, aljani ya karɓi abin da aka ba shi. Ba wanda ya sare kan kowa, ba wanda aka ƙwato. Ruwan da zai cece ta yana nan tun farko, haƙurin jiran mai nemansa ne ba a yi ba.

A ganina nan ne Mustafa Alasan ya nuna ya fi ƙarfin kwaikwayo. A King Kong, masu miƙa yarinya wasu baƙaƙen mutane ne da ganguna da fenti a fuska, waɗanda kyamara ke kallo daga nesa, ba su da suna, ba su da uwa. A Tula kuwa mai miƙa ta kawunta ne, kuma yana son ta. Kyamara tana cikin gidan, tare da waɗanda za su yi rashin. Saboda haka tsoron ya tashi daga kan halittar da ke cikin ruwa ya dawo kan mutane: abin da ƙishirwa ke iya sa al'umma ta yarda da shi, da yadda mai mulki ke sayen kwanciyar hankali da ran wanda ba shi da bakin musu. Dodon kowane fim na ƙwarai tsoron zamaninsa ne aka yi wa jiki. Japanawa sun fito da Godzilla a 1954, shekara tara bayan bam ɗin Hiroshima da Nagasaki, dodon da gwajin makamin nukiliya ya tayar daga teku. Mutanen Sahel a 1973 ba bam ke hana su barci ba, sararin sama ne da ya wayi gari fes babu ko ɗigon girgije. Shekara guda bayan fitar fim ɗin, ranar 15 ga Afrilun 1974, soja ƙarƙashin Seyni Kountché suka kifar da gwamnatin Diori Hamani, kuma yadda aka tafiyar da agajin fari na cikin dalilan da suka bayar. Boubou Hama, mai labarin, yana cikin waɗanda aka tsare.

Mustafa bai saki dabarar sa abin da ba ya motsi ya motsa ba. A 1977 ya yi Samba le Grand, labarin jarumin da wata gimbiya ta yi ta ɗora wa jarrabawa kafin ta yarda da shi, da 'yan tsana masu launi. Daga baya ya yi Kokoa, gasar kokowa tsakanin dabbobi, kwaɗi da hawainiya a fage, ƙaguwa tana alƙalanci, 'yan kallo sun kewaye. Wanda ya san yadda kokowa take a Nijar, inda aka fara gasar ƙasa ta cin takobi a Tawa a 1975, zai gane kowane motsi. Sai dai a dubi yadda ake samun motsin. Ɗan tsana yana tsaye a kan tebur, da waya a cikin gaɓoɓinsa don ya riƙe duk yadda aka lanƙwasa shi. Mai aiki ya ɗaga masa hannu kaɗan, abin da bai kai faɗin ƙwayar gero biyu ba, ya janye nasa hannun, ya ɗauki hoto ɗaya. Ya dawo ya ƙara ɗagawa, ya karkata ƙugun abokin karawar, ya gyara kan makaɗi da ke gefe, ya sake ɗauka. In fitila ta gusa, ko gwiwarsa ta bugi tebur, aikin yini ya tashi a banza. Kaye ɗaya da zai wuce kafin ka ƙifta ido yana iya cin sa'o'i, kamar ɗinkin hula, allura bayan allura. Da wannan dabarar ce Willis O'Brien ya motsa King Kong, wanda a zahiri ƙaramin ɗan tsana ne. Bambancin kawai, shi yana da kamfanin Hollywood a bayansa, Mustafa kuwa yana da hannunsa na makaniki da abin da ya tsinta a kusa.

Ya shugabanci sashen fim na jami'ar Yamai shekara 15. Da harkar fim ta Nijar ta durƙushe, kuɗi suka janye, gidajen silima suka yi ta rufewa, sai aka ga maci tuwo bayan miya ta ƙare. Ya koma Tawa, cikin ƙasar Adar, ya buɗe masaukin baƙi, ya mai da wasu ɗakunan wurin aikin fim. Yakan ɗora majigi a mota ya bi ƙauyuka yana nuna wa mutanen da ba su taɓa shiga silima ba. Da kwamfuta ta zo, bai ce ya tsufa ba, ya zauna ya koyi zane da ita, yana koya wa yara. A can wasu masu shirya fim biyu, Maria Silvia Bazzoli da Christian Lelong, suka same shi suka ɗauki tarihinsa. Faransa ta ba shi lambar girma ta Légion d'honneur a bikin finafinai na Cannes a 2007. Ya rasu a Wagadugu ranar 17 ga Maris, 2015. Shekara biyu bayan haka, a 2017, gidan adana fasahar zamani na New York ya ware kwanaki yana nuna finafinansa.

Abin da ke ci mini rai shi ne kusancin. In ka tashi daga nan Kalambaina ta Sakkwato, ka bar kamfanin siminti a bayanka, ka bi ta Kware da Gwadabawa zuwa Illela, ka tsallaka Birnin Ƙonni ka miƙe arewa, kana Tawa. Ta fi Kano kusa da mu nesa ba kusa ba, kuma Hausar da ake yi a kasuwarta 'yar'uwar tamu ce. Duk shekarun nan mutumin yana can yana aiki, New York ta san shi, mu maƙwabtansa ba mu san shi ba. Yaranmu suna iya lissafa maka dodannin finafinan Amurka da fatalwowin na Indiya, amma ka ambaci Tula ka ga ana kallon juna.

Masu sha'awar yin fim a cikinsu kuwa, da ka taɓa su sai su ce ba kayan aiki, fim ɗin aljanu ko na sararin samaniya sai mai miliyoyi. Wayar da ke aljihunsu ta fi duk kyamarar da Mustafa ya fara da ita fitar da hoto. Rashin kayan aiki ma sau da yawa shi ke haifar da gwaninta. Lokacin da Steven Spielberg ke ɗaukar Jaws, wanda ya fito a 1975, kifin injin da aka ƙera masa ya yi ta lalacewa a ruwan gishiri. Dole ta sa ya ɓoye shi, ya bar kiɗa mai sauti biyu da gangunan roba masu yawo a saman ruwa su riƙa sanar da zuwansa, fim ɗin ya fi yadda aka tsara shi ban tsoro. Labari ma ba mu rasa ba. Tun 1969 Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya, ya kai yaro Bahaushe yawon sararin samaniya. Ga labaran 'yan ruwa a bakin masuntan gulbin Rima, ga na mayu da kurwa, ga tsoron da muke kwana da shi yau, na daji da ya gagari manomi da hamada da ke matsowa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai zama ya tambayi kansa: me mutanena ke tsoro da gaske, kuma wace siffa zan ba shi?

Mustafa Alasan ya amsa wannan tambaya a zamaninsa, da kwaɗi da 'yan tsana da tafki. Haƙƙinsa a kanmu shi ne mu kalli abin da ya bari. Masu fassara finafinan Indiya zuwa Hausa sun nuna aikin ba ya gagara, to a nemi izini a fassara Tula da Samba da Dawowar Ɗan Yawon Duniya. Malaman jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke koyar da adabi da al'ada su sa su cikin abin da ɗalibai za su nazarta. Masu gidajen kallo a Kalambaina da sauran unguwannin Sakkwato su ware dare ɗaya cikin daren ƙwallo su haska su. Yaron da ya ga abin da maƙwabcinsa na Tawa ya yi da waya da tsumma, zai yi wuya ya sake cewa aikin ya fi ƙarfinsa.